Na Aiko Miki da Yayanki a Madadina

Ya ke hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan farko da ke sauka kan ƙasar da ta gaji da jira! Ya ke inuwata ta tsakar rana, kurciyata mai tafiyar ƙasaita, zumata mai harbi, matata, abin alfaharina, wadda fushinta ya fi murmushin sauran matan duniya daɗi!

Kafin ki wuce layin nan, ina roƙonki da girman Allah ki ajiye duk abin da ke hannunki. In almakashi ne, ki ajiye. In sirinji ne, ki ajiye can nesa. Na san abin da ya faru yanzu-yanzu kamar ina tsaye a wurin. An gaya miki motar agaji za ta tsallako gada da mijinki cikin masu rauni. Kin wanke fuska, kin gyara hular aikinki, kin ruga ƙofar asibiti zuciyarki na dukan uku-uku. Aka buɗe bayan mota, kika ɗaga bargo, sai ga gashin bakin yayanki, ga idanunsa zuru-zuru, ga sunana rataye a wuyansa, yana zaro takardar nan daga cikin bandeji yana miƙo miki kamar garkuwa. Kaico, da ma na ga fuskarki a lokacin! Kada ki dake shi, 'yar albarka, ba laifinsa ba ne, ko da yake in kin ɗan make shi sau ɗaya saboda tsofaffin laifuffukansa ba zan hana ba. Amma fara kwance masa ƙafar hagu tukuna. Lafiyarta ƙalau. Mu muka lanƙwashe ta baya muka ɗaure, muka naɗe gwiwar da tsohon bandeji, don masu shingen gada su ga abin da aka ce musu za su gani. Ki kwance, ki murza masa har jini ya sauka, ki ba shi ruwa, sannan ki toshe kunnuwanki da auduga, domin mutumin nan yana ɗauke da maganar wata da watanni a cikinsa, kuma a kanki zai juye ta.

Yanzu zauna. Kin zauna? Madalla. Bari in gaya miki inda nake kwance, don na san sai kin yi dariya ko ba ki so. Ina cikin ajina. I, ajin nan nawa na ƙarshen baranda, mai tagar da ba ta rufuwa. Tun da aka yi wa asibitin unguwarmu ruwan wuta aka kwaso waɗanda suka saura aka zube a makarantarmu. Ofishin shugaban makaranta ya zama ɗakin tiyata, ɗakin ajiyar littattafai ya zama ɗakin magani marar magani, ni kuwa aka haɗa benci biyu aka shimfiɗa mini katifa daidai ƙarƙashin allo. Ƙusar da nake rataya taswirar duniya, a nan ake rataya ledar ƙarin ruwa ranar da aka dace. Rubutun darasina na ƙarshe yana nan ba wanda ya goge, kullum ina kallon kuskuren da na tafka a tsakiyarsa, ba ni da ko guntun allin da zan gyara shi. Wace azaba ce ta fi wannan ga malami?

Kin tuna ɗakin nan kuwa, ya ke tauraruwar asubata? A nan kika fara kashe ni. Ranar da kuka zo yi wa yara allurar rigakafi, kika shigo da farar rigarki da akwatin sanyi a kafaɗa, kamar farin wata ya sauko ya shigo aji ba sallama. Yara suka ɓarke da kuka, wasu suka shige ƙarƙashin benci. Ni kuwa da na haɗa ido da ke, sai wata jarumta ta taso mini daga inda ban sani ba. Na naɗe hannun riga na ce, "Ku dubi malaminku! Allura ai cizon sauro ce." Kika kama dantsena da yatsun nan naki masu sanyin raɓa, kika ɗaga allurar sama, kika ɗan tsirto ruwanta. Iyakar abin da na sani ke nan. Na farfaɗo a ƙasa, rigata sharkaf, yara sun kewaye ni suna ƙyalƙyala dariya, ke kuma kin sunkuyo kina cewa, "Malam, tashi, ai ban ma soka ba tukuna." Har gobe ina nan a kan bakana, ba allura ce ta kayar da ni ba, ƙamshinki ne. Ke kuma har gobe kina cewa ƙarya nake. To, wa zai raba mana gardama?

Wa ya taɓa tsammanin kogin da muke zuwa gefensa shan iska zai zama iyaka tsakanina da ke? Kin tsallaka da safe kin tafi aiki, kafin rana ta take an rufe gada, an wayi gari akwai "mutanenku" akwai "mutanenmu", alhali jiya-jiya layi ɗaya muke bi a famfo, mai shayi ɗaya muke zagi in ya rage madara. Karin harshen nan naku, yadda kuke jan ƙarshen magana kamar mai lallashin jariri, wanda ni ya sace mini hankali tun ranar farko, shi ake kasa kunne a saurara yanzu a kowane shinge, don a san wanda za a fitar daga layi a zagaya da shi bayan gini. Na san ku ma can haka ake wa masu irin bakina. Ba zan tsawaita a nan ba, hannuwanki sun fi alƙalamina sanin abin da ake ciki.

Ranar da aka ƙona kasuwa, sai ga Yaya Rediyo ya faɗo makaranta, ba takalmi, ba hula, hayaƙi ya mai da shi kamar gawayi, rungume da bandir ɗin yadi guda, duk abin da ya tsira da shi ke nan daga shagonsa. Yayanki fa! Mutumin da ya tsaya gaban Babanku ranar da na je neman aurenki ya ce, "Malamin makaranta? Alli za ta ci?" Mutumin da tun daga nan bai taɓa kirana da sunana ba sai Malam Alli. Ya cafki hannuna zai fara ba da labari, kin san shi, daga kakan kakan wutar zai faro, sai babbar nas ɗinmu ta toshe masa baki da tafin hannunta. Wata dattijuwa ce gajeriya, muna kiranta Inna Tsawa, don in ta yi magana har kwanon rufi sai ya amsa. Ta dube shi ta ce, "Ɗana, daga yau kai bebe ne. Ka furta kalma ɗaya a gaban mutane, ka kashe kanka, ka kashe mu."

Ya ke masoyiyata, ki auna nauyin wannan hukunci! Yaya Rediyo, bebe! Mutumin da ke ciniki cikin barci, wanda mai saye ke biyan kuɗin yadi don kawai ya samu ya kuɓuta daga bakinsa! Ya koma magana da hannu, da gira, da gashin baki. Shi ne ɗebo ruwa, shi ne kwashe bokitan bayan gida, shi ne wanke bandeji a dafa a sake amfani da shi. Da bandejin ya ƙare, Inna Tsawa ta jawo bandir ɗinsa ta sa almakashi. Da kin ga idonsa! Ya buɗe baki, ya rufe, ya dafe kai, sannan ya karɓe almakashin daga hannunta ya shiga yanka da kansa, wai ita ba ta iya bin zare ba. Shi ya sa duk raunukan ajin nan fure-fure ne, ja da ruwan ɗorawa, in kin leƙo ta taga sai ki ce lambu ne ke nishi. Kowa a nan ya gane ko shi wane ne, kuma ba wanda ya tona. Sai dai tsokana, wannan kam ba a bar shi ba. Da gangan ake tayar da gardamar ƙwallo a gabansa ana faɗin abin da ba haka ba, a zuba ido a ga yadda yake kumbura kamar kwaɗo. Ni kuwa, Allah ya ba ni sa'a, na zaunar da shi na rama duk shekarun da bai taɓa bari na kai aya ba. Na karanta masa darasin labarin ƙasa da na lissafi, har da tarihin yadda ake yin alli.

Yanzu ga maganar da nake ta kewaye-kewaye a kanta. Na san direban motar agajin ya gaya miki na ji rauni a ƙafa. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai kai ƙarshen zancen ba. Da hantsi ne, muna layi a rijiyar burtsatsen bayan makaranta, yawanci mata da yara, kowa da jarkarsa. Ban ji ƙarar bam ɗin da ya faɗo mana ba, wallahi. Na dai ga sama ta juya, sai ga ni kwance ina kallon wata jarka da ta kife tana ta bulbular da ruwa ba mai ɗagawa, kuma abin da ya dame ni a lokacin ke nan, asarar ruwan. Matar da ke gabana, wadda muke gardamar wa ya riga zuwa, ba ta sake tashi ba. Yayanki ne ya sunkuce ni ya saɓa a baya ya kwasa a guje. Ina jin ƙirjinsa na bugawa ta bayansa, bakinsa a wangame, hawaye na zuba, amma ko a nan bai yi ihu ba.

Likitanmu likitan ido ne, mutum mai sanyin murya, wanda bai taɓa yanka abin da ya fi ƙwayar ido girma ba sai da yaƙi ya zo. Ya duba ya daɗe, ya ce, "Malam, daga ƙasan gwiwa ba abin da zan iya cetowa. Kuma ba ni da allurar barci, ba ni da ta kashe zafi." Na ce masa kada ya damu, ni ina da tawa ta gado, ya nuna mini allura kawai zai ga aiki. Ya ɗauko sirinji ya ɗaga a gabana. Na kalla, na sake kallo. Shiru! Suman nan nawa mai aminci, wanda ya kunyata ni gaban yara, wanda ya samo mini mata, ya gudu ya bar ni ranar da nake nemansa ido rufe. Inna Tsawa ta cusa mini tsumma a baki, yayanki ya kwanta a ƙirjina ya danne ni a kan teburin shugaban makaranta. Ban kira uwata ba, Allah ya yafe mini. Ke na kira, ta cikin tsumman, har muryata ta dushe.

To, na faɗa. Ƙafata ta hagu ta riga ni tafiya. Tana can bayan filin ƙwallo ƙarƙashin bishiya, cikin mutanen kirki. Yi kukanki, ya ke sanyin idona, ina jira. Amma kada ki bari hawayen su jiƙa takarda, akwai sauran dariya a gaba.

Jini ya zuba har na yi fari fat kamar sunan da yayanki ya laƙaba mini. Likita yana da ɗan ragowar ruwan gwaji da ledar jini guda da yake ɓoyo. Duk wanda aka gwada, ko bai dace ba, ko yunwa ta riga ta shanye shi. Sai ga bebenmu ya matso yana dukan ƙirji yana nuna dantsensa. Aka gwada, ya dace. Aka kwantar da shi a bencin da ke kusa da nawa, aka soka masa allura ko gezau bai yi ba, sai ma ya juyo ya dube ni, ya juya idanu sama ya saki wuya yana kwaikwayon suma. Ina bakin mutuwa, mutumin nan yana yi mini shaƙiyanci! Ke kika ba shi labarin, ko? Za mu haɗu. Tun daga ranar nan jinin gidanku ke yawo a jikina, kuma tun daga ranar bakina bai huta ba. Inna Tsawa ta ce an cire rediyon daga wani akwati an sa a wani. Tsawon wasiƙar nan ma ba laifina ba ne, laifin jininsa ne.

Ba kullum ake dariya ba, ya ke abokiyar sirrina. Tsohon da ke kwance hannun damana tela ne, mai ciwon sukari. Allurarsa ta lalace tun da wuta ta ɗauke firji ya mutu, ya riƙa shan ruwa kamar rairayi yana ramewa a kan idonmu, har ranar da ya roƙe ni in gyara masa maɓallin wuyan rigarsa, wai ba ya son ya tafi a karkace. Ajin 'yan ƙanana ya zama ɗakin masu amai da gudawa. An huda tsakiyar bencinan da suke zama a kai suna rera haruffa, an ajiye bokiti a ƙasa, kuma daga nan inda nake ina gane ranar da abin ya yi tsanani, don kukan yara raguwa yake yi. Wata mai naƙuda ta wuni tana fama a baranda, jaririn ya zo a gicciye, likitan ido ya yi iyakar yinsa yana kuka. Ranar na yi ta cewa da ma hannuwanki na nan, hannuwan nan da suka san yadda ake juya yaro a ciki kamar mai juya shafin littafi. Ranar kuma na gode wa Allah da ba kya nan. Yaya zuciya ɗaya za ta roƙi abu ta kuma roƙi kishiyarsa a numfashi guda? Tawa ta iya, tun da ta san ki.

Sai ranar da 'yan bindiga suka zo. Tsakar rana ce, suka shigo aji-aji, babbansu wani dogo mai baƙin tabarau. Kowa sai ya faɗi sunansa da inda aka haife shi, su kuma suna kasa kunne. Suka iso kan yayanki yana durƙushe yana matse tsumma. Dogon ya ce, "Kai, yi magana." Yaya ya nuna bakinsa ya girgiza kai. Aka sharara masa mari, bai ce uffan ba. Aka zagi mahaifiyarku, ya sunkuyar da kai kawai. Sai dogon ya ɗora takalminsa a kan yatsunsa ya danna, ya murza a kan siminti. Na ji ƙarar ƙashi daga inda nake. Ki duba hannunsa na dama, ƙanƙanin yatsa da na kusa da shi, ɗorinmu na 'yan koyo ne. Mutumin da ba ya iya shiru ko a gidan makoki, ya haɗiye ihun nan gaba ɗaya, gumi na tsiyaya daga gashin bakinsa.

Ban san lokacin da na ɗago ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, wana ne. Haka aka haife shi." Dogon ya juyo, ya ji bakina irin nasu ne, ya dubi dunguna mai fure-fure, ya ce, "Ba ku yi kama ba. Rantse." Na ɗaga hannu na ce, "Wallahi tallahi, jinin da ke jikinsa shi ne a jikina. In ƙarya nake, Allah ya ɗauke ɗayar ƙafar." Inna Tsawa ta ce, "Ni shaida ce, a gabana aka yi." Ki gaya mini, ya ke mai hukunci a kaina, ina ƙarya a nan? Ban taɓa yin rantsuwa mai tsabta irin wannan ba! Dogon ya ɗage ƙafarsa. Amma a bakin ƙofa ya waiwayo ya ce zai dawo da wani ɗan kasuwa da ya san fuskar kowa.

Kin ga inda zancen ya dosa. Washegari labari ya zo cewa an tsagaita wuta na ɗan lokaci, motar agaji za ta kwashi mafi tsananin rauni zuwa asibitinku. Likita ya sa ni a ciki. Ya ke ruwan sanyina, kin san abin da na ji? Na ga fuskarki a bakin mota, na ji hannunki a goshina, har na fara shirya irin nishin da zan yi don ki ƙara tausaya mini. Sai na waiga na ga yayanki yana shara da hannu ɗaya. Duk kasuwar nan wa bai san Rediyo ba? Na kira Inna Tsawa na raɗa mata abin da nake so. Ta ce, "Kai mahaukaci ne?" Na ce, "I, Inna, amma mahaukacin da ba a nema." Ta daɗe tana hararata, sannan ta tafi neman igiya. Shi kuwa da ya gane, sai ya zo ya sunkuya kamar mai gyara mini matashi, ya kafa bakinsa a kunnena, muryarsa ta fito a shaƙe kamar ƙofar da ta yi tsatsa: "Malam Alli, ban yarda ba. Me zan ce wa ƙanwata?" Na ce, "Yau ce rana ta farko da na ji ka rasa abin faɗa." Ya kifa goshinsa a kafaɗata, ya jiƙa mini riga, ya ce, "Ƙanina." Shekara da shekaru ina jiran kalmar nan, ashe sai na biya ƙafa guda. Yayanki akwai tsada! In dogon ya dawo, za mu ce amai da gudawa ta ɗauke beben. Sababbin kaburbura ba su yi mana ƙaranci ba, ya zaɓi wanda ya ga dama.

Ba zan ɓoye miki ba, don ko na ɓoye sai kin shinshino daga takarda. Dungun ya fara ɗan wari, gefensa ya yi ja, zazzaɓi na ziyartata da yamma kamar baƙon da bai san an gaji da shi ba. Likita ya ce in an samu maganin kashe ƙwayoyin cuta zan warke sarai, in ba a samu ba zai ƙara hawa sama da gwiwa, ni kuwa na gaya masa ba itacen girki ba ne ni da za a riƙa sara ana ƙarawa. In an bar direba ya dawo, ki cika masa aljihu da abin da kika iya samu, ko da roƙo, ko da harara, ko da murmushin nan da ke sa mai tsaron ɗakin magani ya manta makullinsa. Ba ni kaɗai ba. Ki tuna ajin 'yan ƙanana, ledar ƙarin ruwa ko guda ce rai ce. In da zaren ɗinki, ki haɗa.

Amma ke, kada ki zo. Kin ji ni? Na san ki, na san yanzu haka kin fara neman takalminki. Ajiye shi! Yayanki ya iya zama bebe, ke ba za ki iya ba ko na ƙiftawar ido. A shingen farko wani zai taka layi, ki ce masa, "Kai, ba ka da tarbiyya ne?" da karin nan naki mai zaƙi, shi ke nan sun raba ni da duniyata. Ƙafa na iya rasawa in yi ta zolaya, ke in na rasa wa zan zolaya? Ki zauna inda matan da ke naƙuda ke buƙatarki, ki ci abinci ko ba daɗi, ki riƙa runtsawa ko a kan kujera ne. Wannan umarni ne daga maigida, kuma na san shi ne na farko da za ki bi tun da muka yi aure, don haka ki bi shi da kyau.

Saura tambaya ɗaya, wadda nake yi da dariya don in na yi ta ba dariya ba zan iya ba. Kina son miji mai ƙafa ɗaya? Ki yi tunani kafin ki amsa, akwai riba a ciki. Ba zai ƙara shure ki cikin barci ba sai ta gefe guda. Takalmi ɗaya za ki riƙa tuntuɓe da shi a bakin ƙofa. In kin fara faɗa ba shi da saurin sulalewa waje, dole ya zauna ya saurara har ƙarshe. Wani kafinta a ajin gaba ya sassaƙa mini sanda daga ƙafar tebur, har na fara dogarawa daga allo zuwa taga, ina faɗuwa, ina tashi, ina zagin tebur. A tagar nake tsayawa in kalli wajen kogi. Ba na hango ruwan, sai dai tsuntsayen da ke tsallakawa ba mai tambayarsu inda aka haife su. Wayyo, ya ke numfashina! Kewarki ta fi dungun nan ciwo. Shi yana lafawa in an wanke shi, ita kuwa ba ta da bandeji. Har yanzu ina jin ƙaiƙayi a yatsun da babu su, in kai hannu in sosa iska, haka kuma nake juyawa gefenki da asuba in kai hannu in taɓa bango.

Kin san abin da ke riƙe da ni? Safiyar da kika fita, kin tsaya a bakin ƙofa da jakarki, kika nuna ni da yatsa kika ce, "In na dawo za mu yi magana." Kika ja ƙofa kika tafi. Har yau ban san me na yi ba! Na bincike kaina ciki da waje. Famfon da na ce zan gyara ne? Tawul ɗin da na bari a kan gado? Ko ƙanwata ce ta kai miki wani tsegumi? Mutane a nan suna da abin da suke rayuwa dominsa, wani 'ya'yansa, wani gonarsa, wani ramuwa. Ni kuwa duk lokacin da zazzaɓi ya danne ni har na fara ganin ajin yana nisa, sai in ce a'a, ba inda za ni, matata ta ce za mu yi magana. Ki adana faɗan nan, kada ki huce, kada ki yafe mini a bayan idona. Ki riƙe shi da zafinsa har ranar da za a buɗe gada. Zan zo, ko da dogarawa, ko da rarrafe, in zauna a gabanki in sunkuyar da kai, ki wanke ni tas tun daga farko har ƙarshe, ni kuwa ba zan ji ko kalma ɗaya ba, muryarki kawai zan sha.

Naki ne ni, abin da aka yanke da abin da ya saura, yau da gobe da ranar da ba gobe. Ban taɓa kallon wata ba da ƙafa biyu, balle yanzu.

Mijinki mai laifin da bai sani ba,
wanda ke jiran hukuncinki.